Ana Jarraba Ɗalibanmu Kan Rubutun Da Ba a Koya Musu Ba

Wata rana bayan sallar azahar, wani ɗalibi na digiri na biyu da nake duba aikinsa ya shigo ofishina ɗauke da kundi mai shafi fiye da ɗari, ya ajiye a gabana cikin ladabi, ya koma gefe ya tsaya. Na san wahalar da ya sha kafin ya kai ga wannan rana, domin rani guda da damina guda ya yi yana yawo a kan babur cikin ƙauyukan kudancin Bauchi, yana ɗebo ruwan rijiyoyi a kwalabe yana kai wa ɗakin gwaji da kuɗin aljihunsa. Na kwana biyu ina karanta kundin, amma na kasa gano abin da ya gano. Babi na biyu kaɗai ya cinye kusan rabin aikin, kuma jerin maganganun mutane ne, wane ya ce kaza, wane ma ya ce kaza, babu inda muryar mai aikin ta fito. Da ya dawo sai na rufe kundin, na ce masa, "Zauna, ka faɗa mini da Hausa, me ka gano?" Cikin minti biyar ya yi mini bayani mai tsabta, cewa rijiyoyin da aka haƙa kusa da masai sun fi sauran gurɓata, cewa abin ya fi tsananta bayan saukar ruwan sama, kuma rijiyoyin da aka ɗaure bakinsu da siminti aka yi musu murfi sun fi dama. Na tambaye shi dalilin da ya sa wannan bayani bai fito a kundin ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, wallahi ban san ana rubuta shi haka ba, na ɗauka sai an sa manyan kalmomi."

Wannan amsa ta daɗe tana damuna, domin na tabbata ba shi kaɗai ba ne. Ra'ayina shi ne rubutun bincike sana'a ce kamar ƙira ko ɗinki, ana koyon ta ne a hannun wanda ya iya, da maimaici da gyara, kuma manyan makarantunmu suna jarraba ɗalibai a kan wannan sana'a ba tare da sun zaunar da su sun koya musu ita ba. Idan ɗalibi ya kasa sai mu ce rago ne, idan ya kwafo aikin wani sai mu ce ɓarawo ne, amma ba kasafai muke tambayar kanmu ko a wane aji, a wace sa'a, aka taɓa nuna masa yadda ake yi ba.

Yankinmu na Bauchi da Gombe ya samu bunƙasar manyan makarantu cikin shekarun da ba su kai hamsin ba. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bauchi a 1979, sannan a 1980 aka buɗe jami'ar fasaha wadda a yau take ɗauke da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa. Jami'ar Jihar Gombe ta zo a 2004, a 2011 kuma aka samu Jami'ar Tarayya ta Kashere da jami'ar jihar Bauchi da ke Gaɗau. Ga kwalejojin ilimi a Azare da Gombe da sauran wurare. Wannan abin godiya ne. Sai dai kowane ɗalibi da zai fita daga waɗannan makarantu, daga mai babbar difloma har mai digiri na uku, sai ya rubuta kundi ya kare shi a gaban malamai. Abin da aka tanadar masa domin wannan babban aiki, a tsarin da ake bi a faɗin ƙasar, bai wuce darasin Turanci na gama-gari da ake yi a aji ɗaya ba, inda ɗaruruwan ɗalibai suke cunkushe a zaure guda, da kuma darasin hanyoyin gudanar da bincike da ake yi daga baya. Darasin farko yana koyar da nahawu da rubutun wasiƙa, na biyun yana koyar da yadda ake zaɓar samfuri da lissafin ƙididdiga. Duka biyun suna da amfani, amma a cikinsu babu inda ɗalibi yake rubuta sakin layi guda, malami ya karanta, ya nuna masa inda tunanin ya karye, ya ce ya koma ya sake. Ranar da zai fara irin wannan rubutu ita ce ranar da aka ba shi batun kundinsa, saura watanni kaɗan ya gama makaranta, alhali kuwa ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya kamata a fahimci abin da ake nufi da wannan rubutu, domin nan ne ruɗanin yake. Yawancin ɗalibai, har da wasu malamai, sun ɗauka rubutun ilimi shi ne wanda yake da wuyar ganewa. Gaskiyar ita ce an tsara shi ne domin wani mutum da bai san ka ba, wanda yake Sakkwato ko Alƙahira ko Landan, ya karanta, ya san tambayar da ka yi, ya san yadda ka nemi amsar, ya ga abin da ka samu, har ya iya maimaita aikin ya tabbatar ko ya ƙaryata ka. Tun da aka fara buga mujallun kimiyya a Faransa da Ingila a 1665 wannan buƙata ce take juya akalar tsarinsu, har aka wayi gari mafi yawan maƙalun kimiyya suka daidaita a kan sassa huɗu: gabatarwa, hanyar bincike, sakamako, da tattaunawa a kan sakamakon. Kowane sashe amsa ne ga tambayar da mai karatu zai yi. Gabatarwa tana faɗin abin da aka riga aka sani da giɓin da ya rage. Hanyar bincike tana faɗin abin da aka yi, dalla-dalla, da adadi da wuri da lokaci. Sakamako yana kawo abin da aka gani ba tare da ƙari ba, tattaunawa kuma tana faɗin ma'anarsa da iyakarsa. Babobi biyar da aka saba da su a kundayenmu wannan tsari ne aka faɗaɗa. Ɗalibin da aka bayyana wa dalilin kowane babi ba zai cika babi na biyu da maganganun da ba su shafi tambayarsa ba, domin zai gane cewa bitar ayyukan da suka gabata hujja ce yake ginawa, yana nuna inda magabata suka tsaya da inda shi zai ɗora. Wanda ba a bayyana wa ba kuwa zai ɗauko tsohon kundi daga ɗakin karatu ya kwaikwayi siffarsa, kamar mai gina ɗaki da ya ga an bar taga a wani gida, shi ma ya bari, bai san ta ina iska take shigowa ba.

A ɗauki misalin ɗalibin nan nawa. Jimlarsa ta farko tana cewa ruwa shi ne rayuwa kuma gurɓacewarsa babbar matsala ce a duniya baki ɗaya. Babu wanda zai musa, amma babu wanda ya ƙaru da komai. Jimlar da ta dace da aikinsa ita ce wadda za ta faɗi rijiyoyi nawa ya auna, a waɗanne ƙauyuka, a waɗanne watanni, da tazarar kowace rijiya daga masai da mita. Bambancin jimlolin biyu bai shafi ƙwarewa a Turanci ba, ya shafi sanin abin da mai karatu yake bukata ne. Wannan sani kuwa ba a haihuwar mutum da shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya san darajar isnadi, wato jerin waɗanda aka ruwaito magana daga gare su. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mubarak, a gabatarwar Sahihu Muslim, cewa isnadi yana daga cikin addini, kuma ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Wannan shi ne ruhin kawo manazarta a rubutun bincike: ka faɗi daga wa ka ji, a ina ya faɗa, domin mai karatu ya bi sawu ya tantance. Malaman jihadi, waɗanda Yakubun Bauchi da Buba Yero na Gombe suka karɓi tuta daga hannun jagoransu Shehu Usmanu, sun bar rubuce-rubuce masu yawa da suke ambaton littafin da aka ciro magana da sunan mai shi. Amma a jami'a, idan muka zo koya wa ɗalibi kawo manazarta, sai mu gabatar masa da shi a matsayin dokar waƙafi da baka, ina ake sa shekara, ina ake sa aya. Salon kawo manazarta da ake kira APA, wanda sassa da yawa suke bi, ya fara ne a 1929 da 'yar maƙala mai shafi bakwai, kuma ƙa'idojinsa na tsara suna da shekara abu ne da manhajar kwamfuta irin Zotero, wadda kyauta ce, take yi wa mutum cikin daƙiƙa. Abin da manhaja ba za ta koya masa ba shi ne cewa jingina magana ga mai ita amana ce. Na jarraba fara darasi da maganar isnadi, kuma na ga yadda fuskokin ɗalibai suke sauyawa, domin sun gane cewa abin da ake nema a wurinsu tarbiyya ce da suka riga suka sani daga gida.

Haka kuma hanyar koyarwar ma muna da ita. A tsangaya, gardi yakan rubuta allonsa, ya kawo gaban malam a yi darasu, a nuna masa inda wasali ya kauce ko harafi ya faɗi, ya koma ya gyara, gobe ma ya sake kawowa. Babu wanda yake tsammanin almajiri ya rubuta Alƙur'ani cikakke alhali ba a taɓa duba allonsa ba. Kaɗan-kaɗan ake yi, kullum, a gaban wanda ya sani. Rubutun bincike ma haka yake bukata, shafi ɗaya a wannan mako, a karanta, a yi masa alama da jan biro tare da bayanin dalili, a sake rubutawa. Ɗalibin da ya yi haka sau goma a aji biyu da aji uku zai shiga shekarar ƙarshe da hannun da ya faɗa.

Akwai batun harshe, kuma ba zan ɓoye cewa yana da nauyi ba. Yawancin ɗalibanmu suna tunani ne da Hausa ko Fulatanci ko Tangale ko Jaranci ko Bolanci, sannan a bukace su su rubuta da Turancin da tushensa bai zauna ba tun daga firamare. Wasu abokan aikina suna ganin nan ne matsalar take gaba ɗaya, kuma babu abin da jami'a za ta iya sai an gyara ƙananan makarantu. Ban yarda da wannan ba. Raunin Turanci gaskiya ne, amma abu biyu ne suka haɗu, tsara tunani da kuma zuba shi cikin baƙon harshe, kuma ɗalibi yana fama da su lokaci guda. Idan aka raba masa su, aka ce ya fara faɗin hujjarsa da harshen da yake tunani da shi, ko ya rubuta ta a takarda cikin jimloli biyar, sannan ya mayar da ita Turanci mai sauƙi, aikin yakan fito da haske ko da akwai kurakuran nahawu, su kuwa kurakuran nahawu gyaransu ba wuya. Rubutun da babu tunani a cikinsa shi ne ba ya gyaruwa. Kada kuma a manta cewa sassan Hausa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato sun daɗe suna karɓar kundayen digiri da aka rubuta da Hausa, da kalmominsu na fannu kamar tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aiki, da farfajiyar bincike da hujjar ci gaba da bincike da manazarta. Malamin injiniya ko na aikin gona da ya ari waɗannan kalmomi ya yi wa ɗalibansa bayani da su bai rage wa darasinsa daraja ba.

Idan ba a koyar ba, kasuwa takan cike gurbin. Kowa ya san akwai shagunan kwamfuta da ake sayar da tsofaffin kundaye, a canja sunan gari da na makaranta, a buga a ɗaure. Amsar da makarantu suka bayar ita ce manhajar gano kwafe irin Turnitin, a ce kada kamancin aikin da wasu rubuce-rubuce ya wuce wani kaso. Ba na adawa da manhajar, amma kamancin kalmomi take aunawa, ba ta auna gaskiya ko fahimta, shi ya sa ɗalibai suka koyi canja kalmomi har adadin ya sauka, tunanin kuwa yana nan na wani. Tun daga ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, abin ya ƙara sauƙi, domin yanzu na'ura za ta rubuta babi cikakke da Turanci mai santsi, wani lokaci ma ta ƙirƙiro sunayen maƙalun da ba a taɓa rubutawa ba. Ba na goyon bayan satar fasaha, kuma ɗalibin da ya sayi kundi ya ci amanar kansa da ta al'umma, ya cancanci hukunci. Amma malamin da ya ga daftarin ɗalibinsa na farko da na biyu da na uku, ya zauna da shi ya yi masa tambayoyi, ba ya bukatar manhaja ta gaya masa ko aikin nasa ne.

Cutar ba ta tsaya ga ɗalibai ba. Ƙarin girma a jami'a yana rataye da yawan maƙalun da malami ya buga, kuma wanda bai koyi rubutu ba, idan mujallu masu tantancewa suka mayar masa da aikinsa sau biyu, sai ya nufi waɗanda suke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya aika wata maƙalar bogi mai cike da kurakurai na ganganci zuwa mujallu 304, kuma 157 daga cikinsu suka amince su buga ta, kamar yadda ya bayyana a mujallar Science. Matashin malamin da ya saba da irin waɗannan mujallu shi ne zai duba aikin ɗalibai gobe, kuma abin da bai samu ba ba zai iya bayarwa ba.

Wani zai ce wannan damuwa ce ta 'yan boko a tsakaninsu. To a duba inda rubutun fasaha yake aiki a rayuwarmu. Injiniyan da ya haƙa rijiyar burtsatse yana barin rahoto ne na zurfinta da irin ƙasar da aka ratsa da yawan ruwan da take bayarwa, kuma idan rahoton ya rikice, wanda zai zo gyara bayan shekara biyar sai ya yi lalube. Masu kula da madatsar ruwa ta Dadin Kowa, da ma'aikatan kamfanin siminti na Ashaka, da waɗanda za su yi aiki a filin mai na Kolmani da aka ƙaddamar a watan Nuwamba na 2022 a iyakar Bauchi da Gombe, duk da rubutattun rahotanni ake gudanar da irin aikinsu. Jami'in lafiya da ya ga alamar ɓarkewar kwalara a wata unguwa, rahotonsa ne zai sa a turo magani da wuri ko a makara. Neman tallafin bincike daga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ko daga ƙungiyoyin waje shi ma da rubutu ake yinsa, kuma masu tantancewa ba su san fuskar mai nema ba, takardarsa kawai suke gani. Duk lokacin da ɗanmu mai basira ya kasa bayyana abin da ya sani a rubuce, aikin yakan tafi hannun wani daga nesa wanda wataƙila bai kai shi sanin ƙasar ba.

Na san uzurin malamai, domin ni ma ina cikinsu. Malami guda yana iya samun ɗalibai masu yawa da zai duba kundinsu a shekara ɗaya, ga darussa, ga takardun jarrabawa, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ga wutar lantarki da ba ta tsayawa. Karanta daftari da kyau yana cin sa'o'i, kuma waɗannan sa'o'i ba a lissafa su yadda ya kamata a cikin nauyin aikinsa. Na amince da wannan duka, har ma ina ganin a nan gyaran zai fara, wato hukumomin makarantu su ƙayyade yawan ɗaliban da malami zai duba, su kuma ɗauki duba rubutu a matsayin koyarwa ta haƙiƙa mai lokacinta a jadawali. Amma akwai abin da ke hannunmu ko da ba a ƙara mana komai ba. Rubuta "a sake" a saman babi ba tare da faɗin abin da za a sake ba zalunci ne, haka ma ajiye aikin ɗalibi wata uku a kan tebur. Minti goma sha biyar na zama da ɗalibi a kan shafi guda, ana karantawa da ƙarfi ana tambayar sa abin da yake nufi da kowace jimla, ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan jan biro da aka watsa a shafi hamsin.

Abin da nake kira gare shi ba ya bukatar sabon gini. Kowane sashe ya ware darasin rubutu na fanninsa tun daga aji biyu, wanda malaman sashen za su koyar, domin rahoton ɗakin gwaji ya bambanta da maƙalar tarihi, kuma a auna ɗalibi da daftarin da ya gyara maimakon jarrabawar haddace ma'anoni. Ɗaliban digiri na biyu da na uku su riƙa haɗuwa su huɗu ko biyar duk mako, kowa ya kawo shafi biyu, a karanta wa juna, domin idon wani yana ganin ramin da mai rubutu ya tsallake. Su kuma riƙa karanta maƙaloli masu kyau na fanninsu da niyyar ganin yadda aka gina su, kuma akwai su a rumbun mujallun Afirka na AJOL da jerin mujallun da ake karantawa kyauta na DOAJ. Ma'aikatan ɗakin karatu, waɗanda sau da yawa ake mantawa da su, sun fi kowa sanin waɗannan hanyoyi, ya kamata a ba su wuri a cikin darasin.

Shi dai ɗalibin nan nawa, mun ajiye kundinsa gefe, na ba shi takarda guda na ce ya rubuta mini da Hausa abin da ya faɗa mini da baki. Daga wannan takarda muka fitar da tsakuren aikin, daga tsakuren muka gane abin da ya kamata ya zauna a babi na biyu da abin da za a cire, kuma abin da aka cire ya fi abin da ya rage yawa. Sau huɗu ya sake rubuta babin sakamako kafin jadawalinsa da bayaninsa su daidaita. Aikin ya ƙara masa wata biyu a kan lokacin da ya tsara, ya kuma ƙara masa kuɗin bugu da na mota, a daidai lokacin da iyalinsa suke jiran ya gama ya koma bakin aikinsa.